Seasat bai daɗe ba, amma bai ɓoye abin da ya gani ba

A watan Yunin 1978 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Seasat domin ya auna tekunan duniya. Ranar 10 ga Oktoba wutarsa ta lalace, ya daina aiki bayan kwana 105 kacal. Mai lissafin kuɗi zai ce an tafka asara. Ni kam ban yarda ba.

Daga nisan kusan kilomita 800 yake aiko siginar radar, ya ƙirga lokacin da take ɗauka kafin ta dawo, ta haka ya san tsayin ruwa, kuskuren bai wuce santimita 10 ba. Ashe fuskar teku ba a shimfiɗe take kamar ruwan kwano ba. Inda dutse yake a ƙarƙashi, ƙarfin jansa yana tara ruwa a kansa ya yi ɗan tudu. Inda rami mai zurfi yake, sai ruwan ya lotsa. Matuƙin jirgi ba zai taɓa lura ba, amma na'urar tana gani. Da waɗannan bayanai masanin kimiyya William Haxby ya zana taswirar ƙasan teku, har da wuraren da jirgin bincike bai taɓa ratsawa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tauraron Geosat, wanda sojin ruwan Amurka suka harba a 1985. Ya fi Seasat daɗewa, ya fi shi tara bayanai, amma aka kulle mafi muhimmancinsu saboda amfaninsu ga makamai masu linzami. Sai a 1995 aka sake su gaba ɗaya, lokacin da tauraron Turai ERS-1 ya riga ya fara samar da irinsu. Na san tsaron ƙasa ba abin wasa ba ne, amma shekara 10 masana suna jira, alhali tekun na kowa ne.

Shi ya sa nake ganin hanyar da aka bi da tauraron TOPEX/Poseidon, wanda Amurka da Faransa suka harba a 1992, ita ce daidai: aka bar bayanan a buɗe. Da shi da magadansa aka tabbatar ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 10 tun 1993, kuma injiniyan da ke fama da zaizayar gaɓa a Legas zai iya sauke alƙaluman kyauta.