Gini ba ya tsayuwa da takardar gwamnati kaɗai

Ranar Lahadi 11 ga Satumban 2016, jajibirin Babbar Sallah, ofisoshin gwamnati a rufe, aka kai motar rusau dandalin Tinubu da ke tsakiyar Legas aka baje Ilojo Bar. Bene ne da iyalan Fernandez suka gina a 1855, cikin salon ginin da 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil suka zo da shi, mai tagogi masu baka da baranda ta ƙarfe. Tun 1956, kafin samun 'yancin kai, aka sa shi cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Shekara 60 ke nan yana ƙarƙashin kariyar doka, amma rana guda ta isa a mayar da shi tarin ɓaraguzai.

Duk lokacin da aka taso da maganar a ayyana wani tsohon gini na cikin gari a matsayin abin tarihi, ina goyon baya. Sai dai ayyanawar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, mu kuma a nan muke tsayawa.

A duba lamarin ta idon mai gidan. Kakansa ya bar gini a bakin kasuwa, magada sun haura ashirin, kowa da buƙatarsa. Gwamnati ta ce ba a rushewa, ba a sauya fasali. To, madalla. Rufi na yoyo, wa zai gyara? Shiru. Maƙwabcinsa kuwa ya sayar da nasa, an tayar da filaza mai hawa huɗu, ana karɓar kuɗin hayar shaguna duk shekara. Sai ga dillali ya zo da tayin da bai taɓa mafarkinsa ba. Wanda aka ɗaure wa hannu haka, ba a ba shi ko sisi ba, ba ya ma buƙatar hayar motar rusau. Ya daina yaɓe kawai, ya bar indararo ya toshe, damina biyu zuwa uku za su yi masa aikin.

A Arewa ma abin ya fi sauri, domin gininmu na ƙasa ne. Tubali da azara da makuba suna iya kai ɗaruruwan shekaru, amma da sharaɗin hannun magini ya riƙa komawa kansu. Su kuma maginan gargajiyar ƙarewa suke, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti saboda can ne abinci yake. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Allah Ya ji ƙansu. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, amma wanda ya zagaya ya san inda aka yanka ta filaye, da inda ake ɗibar ƙasarta. Ƙofar Na'isa hukuma ce da kanta ta rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya.

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun 1979 take, kuma tarar da aka rubuta da nairar wancan zamani ba za ta tsorata mai shirin gina filaza ba. Wannan gyara aikin majalisa ne. Amma tsoron hukunci kaɗai ba ya riƙe katanga. Ya kamata duk ginin da aka ayyana ya zo da kason gyara na shekara-shekara a kasafin jiha, a yafe wa masu shi harajin fili, a kuma bar su su ci moriyarsa, ko da shaguna ne a ƙasan bene, muddin ba a taɓa fasalinsa ba. Gidan Makama na Kano yana tsaye har yau saboda an ba shi aiki, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi, 'yan makaranta na shiga suna fita, akwai mai lura idan bango ya tsage. Inda magada suka ce su dai sayarwa za su yi, gwamnati ta saya da farashin kasuwa kafin dillali ya riga ta.