Yadda Na Shirya wa Baje Kolin Ayyuka da Naushi

Sanarwar ta faɗo ne a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, zauren da tun da muka bar jami'a ba a turo komai cikinsa sai katin ɗaurin aure da cigiyar rance. Wai za a yi baje kolin guraben aiki a wani babban ɗakin taro a nan Kano. Bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji, kowa da teburinsa. A zo da CV, a yi shiga ta mutunci.

Ni kuwa zaman gida ya kai mini iya wuya. Digirina a fannin tattalin arziki ne, amma tattalin da nake yi bai wuce na data ba. Bautar ƙasa ma na yi ta ne ana biyan alawus naira 33,000, ina tuɓe kakin nan aka mayar da shi 77,000. Umma, da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai dai "kai wannan", kuma kwanan nan duk "kai wannan" ɗin da ka ji aike ne a bayansa: kai niƙa, sayo gawayi, raka ƙannenka Islamiyya.

Ɗan kawuna, wanda abokin wasana ne kuma bai taɓa raga mini ba, shi ya fara kunna wutar. Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ya ce, "Kai matsalarka ba takarda ba ce, kowa yana da takarda. Tsayuwa ce ba ka da ita. Ka shiga wuri kafaɗa a zube, ka miƙa wa mutum hannu laƙwas, ga tumbi a gaba. Wa zai ba ka amanar kuɗinsa? Ka fara atisayen dambe, kafin ranar ka murje."

Na ce masa tumbi ba ya hana komai. A watan Yunin 2019, a birnin New York, Andy Ruiz da tumbinsa ya kai Anthony Joshua ƙasa har sau huɗu, alƙalin wasa ya tsayar da damben a turmi na bakwai. Ya ce to me ya faru da suka sake haɗuwa a Saudiyya a watan Disamba, bayan mutumin naka ya ƙara ƙiba? Ban sake cewa komai ba.

Na leƙa wani gidan motsa jiki na zamani, mai madubai da sanyin na'ura. Da aka faɗa mini kuɗin wata, na ce zan je in dawo. Daga nan ban zarce ko'ina ba sai rumfar mai naman bakin layinmu. Dambe dai gadon mahauta ne, shi kuma kowa a unguwar ya san a ƙuruciyarsa ya yi wa ɓangaren Arewa wasa, har yanzu kuma ba ya rasa zuwa kallo a gidan damben Sabon Gari. Da na faɗa masa buƙatata sai da ya ajiye wuƙa don ya ji daɗin yin dariya.

"Ɗan boko, dambe kuma? To Allah ya sa ka iya. Gobe bayan sallar asuba."

A bayan rumfarsa akwai darbejiya, a jikinta ya rataya buhu cike da yashi. Ya kama hannuna na dama ya naɗe shi da tsumma, ya bi da zare yana ja yana ɗaurewa har sai da na daina jin 'yan yatsuna. Ya ce wannan shi ne mashi, na hagu kuma garkuwa, a buɗe ake miƙa shi gaba. Ya gyara mini tsayuwa a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ya ce a dambenmu ba a tsayawa ƙirga wa mutum goma irin na Turawa. Turmi uku ne, kuma da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, shi ke nan an kashe ka.

Na ja da baya, na tattara duk haushin shekarun zaman banza, na ɗirka wa buhun nan naushi. Buhu ko gezau. Ni kuwa zafin ya bi ta gwiwar hannu ya haura kafaɗa ya fita ta kunne. Yaran da ke wucewa makarantar allo suka tsaya, wani ya samo galan yana kaɗa mini a madadin kalangu, wani yana kirari: "Sai kai ɗan boko, mai kashe buhu da Turanci!"

Ba a fi kwana biyu ba maigidan nawa ya ce buhu kaɗai ba ya gina ƙashi, sai an haɗa da ɗaukar nauyi. Nauyin kuwa shi ne cinyar sa da ake kawo masa daga kwata da sassafe, in sauke daga adaidaita sahu in kai kan teburi. Sai kuma "atisayen kafaɗa", wato wankin faranti da goge teburi. Yaron shagonsa ya samu hutu, kullum sai ya gaishe ni da fara'a. Tsallen igiya kuma a gida nake yi da igiyar shanyar Umma, har ranar da ta fito ta tarar da zannuwanta a kan buhun gawayi.

Saura takalmi. Na tafi Kofar Wambai wajen 'yan gwanjo, na samu wani baƙin sau-ciki mai tsini yana ta ƙyalli. Lambarsa 42, ƙafata 44. Mai kayan ya ce, "Alhaji, fata ce zalla, tana jin ɗumin ƙafa za ta buɗe." Duk wanda ya kira marar aiki Alhaji ya gama da shi. Na biya. Don fatar ta ji ɗumin da kyau, da shi na riƙa zuwa masallaci da kai niƙa.

Daren jajibiri ga yadda nake: ƙafafu sun kumbura, dunduniya ta saɓule, hannun dama ya yi suntum ba ya dunƙuluwa ba ya buɗewa. Kakata tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ga na wuce ina dafa bango.

"Zo nan maigidana. Haka za ka je neman aikin, kana tafiyar mai jego?"

"Tsohuwa, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Ba ta bar ni ba. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a baho, ta watsa gishiri, ta tsoma ƙafafuna. Da suka jiƙu ta ɗauko dutsen goge kaushinta, wanda na tabbata ya girme ni, ta hau gurza tana mita. Wai wannan faso ko na manomin da ya shekara a fadama albarka. Na ce ai takalmi zai rufe. Ta ce daga ƙafa ake gane ɗan gidan mutunci, ba za a je a ce mijinta ƙazami ne ba.

Sannan aka zo kan tausar. Ta lakato man kaɗanya ta cakuɗa da man zafi a tafin hannunta, ta ɗora ƙafata a cinyarta. Da fari daɗi, har na fara lumshe ido. Can sai ta kafa babban yatsanta a tsakiyar tafin ƙafata ta danna. Matar da kullum take cewa ba ta iya buɗe murfin kwalba! Na yi ƙarar da ta sa maƙwabcinmu ya turo yaro ya tambaya ko lafiya. Ta bi 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya tana ja, kowanne sai ya ce ƙas kafin ta sake shi, tana cewa, "Rago kawai. Kakanka da ƙafa yake zuwa cin kasuwar ƙauye ya dawo, ban taɓa jin ya yi kuka ba." Ragowar man ta shafe mini a kumburarren hannun. Cikin dare barci ya ɗebe ni na murza ido da shi.

Da safe na fito cikin kwat ɗin aro da laktaye, ido jajur, ina ɗingishi, warin man zafi yana riga ni shiga ko'ina. A cikin adaidaita wani dattijo ya ja hanci ya ce, "Wa ke mura a nan? Allah ya sawwaƙe."

Ɗakin taron ya cika maƙil, kowa da fayil a hammata. Na bi layin wani banki har na kai gaba. Na gyara kafaɗa yadda aka koya mini. Jami'in, wani ƙaƙƙarfa mai fara'a, ya miƙo hannu, na miƙa hannun mashi. Ashe shi ma an taɓa ba shi shawarar riƙe hannu da ƙarfi. Ya matse. Na ce "Wayyo Allah!" a gaban jama'a, fayil ya suɓuce, takardu suka watse, na durƙusa ina tsinta. Gwiwa ta taɓa ƙasa. A dokar maigidana, ma'aikacin banki ya kashe ni a turmin farko.

Da na miƙe na ba shi CV, sai ya ce ai ba sa karɓar takarda. Ya nuna mini wani ɗan zane mai kusurwa huɗu a jikin allo, wai in haska shi da waya in cike fom a intanet. Datata ta ƙare tun a layi. Teburi na gaba, zane. Na gaba da shi, zane. Kuɗin fotokwafin da na ranta wajen Umma yana hammatata yana shan gumi.

Can ƙarshen ɗakin, kusa da ƙofar fita, akwai wani teburi da babu layi. Wani dattijo mai gashin baki, zaune ƙyam, ya yafito ni. Kamfanin masu gadi ne. Ya dubi idona, ya dubi hannuna, ya ja hanci.

"Samari, kana dambe ne?"

Na ce ina taɓawa.

"Madalla. Irinku muke nema. Kana iya tsayuwar dare?"

Shi kaɗai ya karɓi takardata a duk ɗakin nan. Bai ko buɗe ta ba, ya juya bayanta ya rubuta lambar wayata da tsayina.

Na dawo gida da silifas ɗin da na saya a bakin titi, sau-cikin yana cikin leda. Kafin magariba labari ya zaga layi cewa na samu aikin tsaro. Tsohuwa ta aiko a faɗa mini kuɗin tausa turmin atamfa ne daga albashin farko. Mai nama kuma ya tare ni a hanyar masallaci, ya kama kumburarren hannun nan ya girgiza da murna.

"Ka gani ko, ɗan boko? Kada ka saki atisaye yanzu. Gobe ka fito da wuri, shanu biyu za a yanka."