Gani tangaran ba shi ne lafiyar jijiyoyin ido ba

Masu fama da ciwon kumburin jijiyoyin jini mai daɗewa kan yi mamaki idan likita ya tura su ɗaukar hoton ido. Ai ina gani tangaran, me ya haɗa ido da ciwona? Nan kuskuren yake.

Tantanin bayan ido ne wurin da likita ke iya kallon ƙananan jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da an tsaga jiki ba. Ta nan ma aka fara gano ciwon Takayasu, wani nau'in kumburin jijiyoyin jini: a 1908 wani likitan ido a Japan, Mikito Takayasu, ya bayyana jijiyoyin da suka harɗe a idon wata matashiya. Daga baya aka fahimci cewa manyan jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya ne suka tsuke, jini ya ragu a ido.

Tsakiyar tantanin ce ke ɗauke da kaifin gani. Jijiya na iya toshewa ko yin yoyo can gefe, mutum yana karatunsa lafiya lau, har sai sababbin jijiyoyi marasa ƙwari sun tsiro sun fashe.

Hotunan ma ba ɗaya ba ne. Wanda ake allurar rini a hannu yana nuna yoyo, alamar kumburi. Na'urar OCTA kuwa, mai ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ido da haske, ba ta buƙatar allura, tana nuna inda jini ya daina gudana, amma yoyo ba ya fitowa a cikinta. Shi ya sa wani lokaci likita kan nemi duka biyun, ko da majinyaci ya ga kamar wahala ce.