Yadda Na Nemo Kakana a Takardun Sojan Bama

Sunan da zuriyarmu ke amsawa a makaranta da wurin aiki shi ne Kofur, kuma tun muna yara aka karantar da mu cewa kakanmu Garba ya samo shi ne a dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), inda ya gwabza da Japanawa har Turawa suka ɗaura masa igiya biyu a hannu. Labarin yana ƙara ƙiba a kowace Sallah, domin Japanawan da Baffa ya ce kaka ya kama da hannunsa bara sun ninka na bara waccan. Ganin haka na ɗauri aniyar nemo hujja a rubuce kafin adadin ya zarce na rundunar Japan baki ɗaya.

Abin da na fara ganowa ya ƙarfafa mini gwiwa. Rundunar sojan Afirka ta Yamma ta tura manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta farko ta yi fama a kwarin Kaladan a 1944, sannan su biyun suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Matsalar ita ce, akawun soja na wancan zamani bai damu da sunan uba ba, sau da yawa sunan gari yake liƙa wa mutum, kuma ba lallai ne garin haihuwarsa ba. Saboda haka na yini ina buɗe tsofaffin fayil a Kaduna, ƙura tana sa ni atishawa, ina cin karo da Garba Kano da Garba Zariya da Garba Sakkwato, kowannensu yana iya zama kakana, ko kuma kakan maƙwabcina.

Daga bisani na koma kan jerin sunayen sojojin da suka rasu a yaƙin, wanda hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel ke adanawa, har da waɗanda aka rubuta a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Can na hango mai sunan kakana, ɗan garinmu, kofur, ya rasu a 1944. Ban tsaya lissafi ba, na buga takardar, na sa aka tara dangi a zauren gida bayan la'asar, na miƙe cikin babbar riga na sanar da su cewa kakanmu ya kwanta dama a fagen fama. Gwaggo ta fara sharar hawaye, Baffa ya ɗaga hannu zai ja fatiha.

Sai kakata, wadda ta haura shekara casa'in amma kunnenta garau, ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Kai mai gidan, idan Malam ya mutu a Bama, to wane ne ya aure ni bayan an gama yaƙi, ya haifi ubanka, ya kuma shekara talatin yana kushe mini miya?" Baffa ya sauke hannunsa a hankali, Gwaggo kuwa ta mayar da kukan tari.

Tsohuwar ta sa aka jawo adakarta, ta zaro wani ƙunshin tsumma daga ƙarƙashin zannuwa, a ciki akwai littafin sallamar kaka daga aikin soja, wanda ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta. Littafin ya tabbatar da cewa ya je Bama, amma a rukunin 'yan dako, waɗanda ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta ratsawa. A ganina wannan aiki ba ƙaramin jarumta ba ne, sai dai gurbin muƙami ya nuna farabiti ya shiga, farabiti ya fita. Da na tambayi inda Kofur ya samo asali, ta ce 'yan kasuwa ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake daka wa awaki tsawa su shiga layi.

Baffa ya karɓi littafin ya jefa a aljihu, ya gargaɗe ni kada surukansa su ji, tunda da labarin igiya biyun aka ba shi aure.