Wai sai an sauke inji saboda hayaƙin asuba?

Wallahi yau sai na amayar da abin da ke cikina don na gaji da haɗiyar takaici. Motata Hiace ce mai injin gas samfurin 5L, da ita nake ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada a nan Jos, ita ce cina ita ce shana. Tunda hunturun nan ya kankama, kullum na idar da sallar asuba na zo na murza makulli sai ta yi ta gurnani kamar batir zai mutu, in ta ga dama ta kama kuma sai jijjiga, madubi na rawa, sitiyari na karkarwa a hannuna, salansa na tuttuɗo wani farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas da ke sa ido hawaye. Har matar maƙwabcina ta aiko yaro wai don Allah in riƙa tura ta bakin titi kafin in tayar, jaririnta na tari. Ka ji abin kunya. Amma da ta yi minti biyar zuwa goma ta ɗau zafi shi ke nan, hayaƙi ya ɗauke, inji ya daidaita, sai ka rantse ba ita ba ce.

To ciwon na asuba ne, su kuma makanikai ba sa buɗe gareji sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin na riga na yi sawu ɗaya inji ya yi zafi. Ba wanda ya taɓa ganin ciwon da idonsa a cikinsu, amma kowanne da maganinsa a baki tun kafin in gama bayani.

Na farko ya taka totur sau biyu, ya karkata kai kamar mai sauraron rediyo, ya ce maigida nozul ne, wato abin da ke fesa gas cikin inji. Aka kwance guda huɗun aka kai wajen masu saiti, na yi asarar wuni guda da naira dubu 45. Washegari da asuba hayaƙin nan ko gezau. Na biyu ya ce gas ɗin da nake sha ne an gauraya shi da kananzir, ya sa aka juye tanki, kusan lita 20 a lokacin da lita ta haura naira 1,000, kuma har yau ban san inda jarkar ta shiga ba. Ba zan ci haƙƙinsa ba, da ya kwance ƙasan filta ruwa ya fito kusan rabin kofi, wannan kam ya yi aiki. Amma da na koma na ce masa jiya i yau, wai in riƙa ɗiga fetur a bakin da inji ke shaƙar iska da safe, ko in fesa maganin sauro, wai haka kowa ke yi. Haba jama'a! Fetur a injin gas mai hita (ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar), abin da zai iya kamawa tun fistin bai kai sama ba ya buga inji ya fasa ring ɗin fistin, a motar da nake ci da iyali?

Na ukun shi ya fi ƙona min rai. Ko bonet bai gama dubawa ba, kujera kawai ya ɗaga ya leƙa, ya ce Alhaji ring ya tafi, sai an sauke inji, ka tanadi dubu ɗari huɗu. Na ce to ai baƙin maina ba ya raguwa, daga juye zuwa juye ban taɓa ƙari ba. Ya ce ai ba ka san mota ba. Ni da na shekara 11 a kan sitiyari.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo ta hannun wani direban Kanta, tsohon makanikin tarakta ne, garejin nasa ma rumfar kwano ce kawai da benci. Da na zayyana masa komai bai ce uffan a kan gyara ba, cewa ya yi ɗana ajiye ta nan ta kwana, ka zo ƙarfe shida kar kowa ya taɓa makulli. Na zo na same shi da hular sanyi da kofin shayi. Na tayar, ya tsuguna bayan salansa ya tara tafin hannu ya shinshina, ya ce wannan gas ne da bai ƙone ba. In ruwa ne ke shiga ta gaskit, hayaƙin tururi ne ba ya yaji a ido, ba ya ɗaukewa don inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto zai riƙa raguwa yana kumfa. In baƙin mai ne, shuɗi-shuɗi zai fito da ƙaurin mai. Baƙi ƙirin kuma gas ya fi iska yawa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe filtar iska. Kafin ƙarfe ya ɗau zafi ya yi maza ya bi bututun hayaƙi huɗun da ke fitowa daga jikin inji yana taɓawa da yatsa, biyu sun fara ɗumi, biyu sanyi ƙalau. Ya ce ka gani, da ƙafa biyu take tashi.

Shi ya fahimtar da ni abin da ba wanda ya tsaya ya gaya min. Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur, iska fistin ke matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa gas ya kama da kansa. In ƙarfe ya kwana a sanyin Jos sai ya shanye zafin nan, shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita. Ita kuma fitilar nan mai kamar murɗaɗɗiyar waya da ke kamawa a dashbod, na ce Baba ai tana kawowa, ya yi dariya ya ce tana kawowa ko hita na raye ko ya mutu. Ya kwance su huɗun ya ɗora a batir ɗaya bayan ɗaya, biyu cikin 'yan daƙiƙu bakinsu ya yi jajir kamar garwashi, biyu ko ɗumi. Ya kuma sa wani siririn tiyo garai-garai tsakanin filta da famfo, sai ga kumfa na wucewa, ashe tsohon tiyon ya tsage a bakin kilif yana shan iska cikin dare gas ya koma tanki, dalilin doguwar gurnanin ke nan.

Na tambaye shi zancen ring, ya ce ring ma na iya kawo farin hayaƙi da safe in matsi ya yi ƙasa, amma akwai agogon aunawa, ta ramin hitan nan ake ɗaura shi, aikin rabin awa. Ya auna, huɗun duk sun yi kusa da juna. Wato mutumin nan zai farke min inji lafiyayye a kan zato.

Hita huɗu sababbi, tiyo taku biyu, kilif biyu da kuɗin hannun Baba duka ba su kai abin da na kashe a nozul ba. Wani ƙarin haushin, da ya buɗe ya tarar babu tamostat sam, wato abin da ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya ɗau zafi, wani gwani ya cire ya yar tun tuni, wai na ƙasar Turawa ne mu nan zafi gare mu, shi ya sa allurar zafi ba ta tashi sai na kusa fita gari.

Na koma wajen na farko ko zai rage min wani abu, ya ce ai nozul ɗin ma da ma sun kusa. Tumatir ɗin mutane da na makarar har sau uku aka zabge min kuɗin dako, wannan ba mai biya na. Shi kuma na ukun jiya ma ya kira ni, wai albishirinka Alhaji, ya samo min rabin inji ɗan Beljiyam da sauƙi, in kawo kafin alƙalami.