Mai sayen aku shi ke ƙarar da aku

Yanzu da wuya ka buɗe TikTok ko Facebook ba ka ci karo da mai tallar aku ba. Ga shi nan a keji, toka-toka mai jar jela, an koya masa sallama da kiran sunan maigida, a ƙarƙashin bidiyon kuma ga lambar waya da alkawarin kawo maka shi har gida. Jama'a na ta zuba "Masha Allah", wasu na tambayar kuɗinsa. Daga ina aka samo shi, wannan ba ya damun kowa.

Daga kurmi aka samo shi. Gidan wannan tsuntsu shi ne dazuzzukan Kwango da Gabon da Kamaru, da ɗan abin da ya rage na kurmin Kuros Riba da Neja Delta. Masu kamu kan shafe reshen da garken ke sauka da danƙo, su ɗaure wani akun ya yi ta kuka har 'yan'uwansa su sauko su maƙale. Wasu kuma bishiya suke hawa su kwashe 'ya'yan daga kogo. Daga nan sai a cusa su a akwati, a yi kwanaki da su a mota cikin zafi da ƙishirwa. Wanda ya iso falonka da rai, ya baro gawar 'yan'uwansa a hanya.

Ghana ta riga ta ga ƙarshen wannan ciniki. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa daga 1992 yawan aku a ƙasar ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari. A 2016 ɗin ne kuma taron yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji a duniya, a Johannesburg ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar. Doka dai tana nan a rubuce, dillalai kuma suna tallarsu da fuskarsu a buɗe.

Kowane dillali zai rantse maka cewa nasa a gida aka ƙyanƙyashe shi. Ka ce ya nuna maka iyayen, sai labari ya sauya. Masu cewa mutane na fama da yunwa ana maganar tsuntsu kuwa, su tuna ba mayunwaci ke sayen aku ba.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce ta masu fakewa da addini. Da ka yi magana sai a jawo maka hadisin Abu Umair, yaron da yake da ɗan tsuntsunsa, a ce ai kiwon tsuntsu halas ne. To, an ji. Amma me ya sa ba a jawo wancan na Abu Dawud, inda sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su? Wannan shi ne ainihin abin da ake yi a kurmi, kuma kuɗin mai saye ne ke biyan mai hawa bishiyar.

Ko a gidan ma, wane irin kiwo ake masa? Tsuntsun da ke yawo cikin garke, yana cin kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa iri-iri, an rufe shi shi kaɗai da gwangwanin gyaɗa, cikin bushewar hunturu. Yana iya kai shekara 50 a raye, ga shi da kaifin ƙwaƙwalwa: wani mai suna Alex da Irene Pepperberg ta yi bincike a kansa a Amurka ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa. Irin wannan halitta kaɗaici ke sa ta fige gashin jikinta da bakinta. Idan ihunsa ya ishi mutanen gida, sai a mayar da kejin bayan ɗaki.

Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya da jami'an kwastan ba sa buƙatar dogon bincike, lambobin wayar suna nan a ƙarƙashin kowane bidiyo. Su fara da masu tallar, su kuma tambayi alhazan da ke da aku a falo takardar da ke nuna inda aka ƙyanƙyashe shi.