Wanda ya ce a rufe shago, shi ma yana da kaso a kuɗin haya

Akwai maganar da mutanen Sakkwato ke yawan yi idan aka tuna shekarar korona, wai mu kulle bai taɓa mu ba, tunda ba a tsare kowa cikin gida kamar yadda aka yi a Legas da Abuja da Kano ba. Gaskiya ne ba a yi mana irin wancan ba. Amma a 2020 an rufe makarantu tun watan Maris, an rufe iyakokin jiha, daga farkon Mayu aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe a faɗin ƙasa, kuma ba a ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi ba sai 1 ga Yuli. Iyakar Illela kuwa dama a rufe take tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. Garin da cinikinsa ya dogara da motar da ke tafiya kudu da albasa da dabbobi, da wadda ke shigowa daga Ƙwanni ta Nijar, idan aka tare masa hanyoyin nan an kulle shi, ko da ƙofar kowa a buɗe take.

A tambayi malamin makarantar kuɗi da mai makarantar ya ce masa babu ɗalibai, babu albashi. A tambayi direban Sakkwato zuwa Kano, da mai shayi da mai tsire waɗanda kasuwarsu sai bayan isha'i take ci, da masu ba da hayar rumfa da kujerun biki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta haɗu da abu biyu a lokaci guda, annoba da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya fara a Maris bai ƙare ba sai Disamba, don haka mai abinci da mai shagon buga takardu da ɗan kabu-kabun da ke jigilar ɗalibai duk suka zauna. Mafi yawan mutanen nan a gidan haya suke, a Mabera da Tudun Wada da Gidan Igwai da Minanata, wasunsu kuma ga hayar shago a kai.

Abin da ya ɓoye girman matsalar shi ne yadda muke biyan haya. A Amurka da Ingila wata-wata ake biya, shi ya sa da aka rufe wuraren aiki a Maris, tun kafin ranar 1 ga Afrilu kowa ya hango ɓarnar, jaridu suka ɗauka, 'yan majalisa suka motsa. Mu nan shekara ake biya gaba ɗaya, kuma kowa da watansa. Wanda nasa ya ƙare a Afrilu ya sha wuyarsa shi kaɗai a cikin azumi, wanda nasa ya ƙare a Satumba ya sha tasa lokacin da aka ƙara kuɗin mai da na wuta. Babu ranar da aka wayi gari aka ga dubban mutane sun kasa biya tare. Ɗaya bayan ɗaya aka yi ta sayar da babur da keken ɗinki da 'yan kunnen matar gida, wasu suka mayar da iyali ƙauye, wasu suka koma ɗaki ɗaya a gidan gado. Irin wannan ba ya shiga labarai, domin Bahaushe ya fi son a ce ya tashi don kansa da a ce an tashe shi.

Ga kuma inda muka tsaya kafin cutar ta zo. Rahoton talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Mayun 2020 ya sa Sakkwato a kan gaba, kusan kashi 88 cikin 100 na mutanen jihar suna ƙasa da ma'aunin Naira 137,430 a shekara. Mutumin da abin da yake kashewa a shekara bai kai haka ba, ina zai samu ajiyar da zai biya hayar shekara bayan ya yi wata uku bai yi ciniki ba?

Da yawa idan suka zo nan sai su juya kan masu gidaje, a ce marasa tausayi ne. Ni ban yarda da wannan ba, ko da yake akwai waɗanda suka cire ƙyaure ko suka yanke wuta don su matsa wa mutum ya fita, kuma wannan zalunci ne ko a wace shekara. Amma mu duba wane ne mai gidan haya a Sakkwato. Ba kasafai yake zama kamfani ba. Tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina ɗakuna huɗu a bayan gidansa. Matar da mijinta ya rasu ce, da kuɗin hayar shaguna biyu take ciyar da marayu. Ko kuma gidan gado ne da magada goma ke jiran a raba musu abin da ya shigo. Ɗan haya ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mani haƙuri, wanga wata ko na abinci ban samu ba." Tsohon ya ce, "To ɗana, ni ma da shi nike ci." Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma babu ɗayansu da ya sa hannu a takardar rufe hanya.

Nan ne ainihin ƙorafina yake. Hukuma ce ta yanke shawarar tsayar da harkoki, kuma ina ganin tana da hujja, domin a lokacin ba rigakafi, asibitocinmu kuwa mun san ƙarfinsu. To amma matakin da aka ɗauka don kare lafiyar kowa, bai kamata a bar talakawa biyu su raba asararsa a zaure ba. Babu wata doka ta ƙasa da ta dakatar da tashin ɗan haya, babu wani asusu da aka ware don biyan mai gida. Babban Bankin Najeriya ya fito da rancen Naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, ya rage ruwan rancensa daga kashi 9 zuwa 5, ya ɗaga wa masu bashinsa ƙafa na shekara guda. Wannan ya amfani wanda ke da asusun banki da BVN da wayar cike takarda ta intanet. Kuma rance ne, za a biya. Mai shayin Rijiyar Ɗorowa ko labarinsa bai isa gare shi yadda ya kamata ba, balle a ce malamai sun warware masa batun ruwan da ke ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarar shi ne, a watan Yuli, mutane na tsakiyar wannan hali, hukumar tara haraji ta FIRS ta tuna wa masu gidaje su riƙa karɓar harajin hatimi a kan yarjejeniyar haya. Aka fara jin kashi 6, ƙungiyar ƙwadago ta tayar da jijiyar wuya, sannan aka fito aka yi bayani cewa kashi 6 na hayar da ta wuce shekara 21 ce, ta ƙasa da shekara 7 kashi 0.78 ce. Ko da kuɗin kaɗan ne, ya nuna cewa gwamnati ta san da zaman ɗan haya a ranar karɓa.

Batun masu bashin gida na banki gajere ne a wurinmu. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 daga albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance a kan ruwa kashi 6, amma waɗanda suka mallaki gida ta wannan hanya a Sakkwato tsiraru ne, kuma galibi daga albashi ake cirewa. Bashin gida na gaskiya a garin nan yana hannun mai siminti da mai kwano da uwar adashi, da ɗan'uwan da aka jinginar wa gona don a ɗora rufi. Babu wani banki da zai ba da sanarwar ɗage waɗannan.

Za a ce min ai ƙasar ba ta da kuɗi a lokacin. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, tattalin arziki ya ja baya da kashi 6.1 a zango na biyu na 2020, mu ba Amurka ba ne. Na yarda, kuma ba ma kwaikwayonsu nake kira a yi ba. Su sun fara da hana tashin ɗan haya ta dokar tallafin korona ta CARES a Maris 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta faɗaɗa haramcin a Satumba, har Kotun Ƙolinsu ta soke shi a Agustan 2021. Sai a Disamban 2020 da Maris 2021 suka ware sama da dala biliyan 46 don biyan bashin haya, kuɗin ma suka yi nawar isa hannun mutane. A tsakanin nan ƙananan masu gidaje ne suka ɗauki nauyin. Da an yi haka a nan, a ce kawai kada a tashi kowa ba tare da an ba mai gida komai ba, da an ɗauke yunwa daga wani ɗaki an kai ta wani ɗaki a cikin gida ɗaya.

Muna da abin da ya fi wannan dacewa da mu, kuma yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan tun zamanin Shehu. A babin haya na Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, cikin abubuwan da ke warware yarjejeniyar haya an ambaci umarnin sarki na a rufe shaguna. Hikimar a fili take: amfanin shago aka saya, idan hukuma ta hana amfanin, babu abin da za a biya kuɗi a kansa. Gidan kwana hukuncinsa daban, domin mutum yana ciki yana amfana, kuɗin yana wuyansa. Sai dai a nan aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta shigo, wadda ta ce wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙin zakka. Ni ba mai fatawa ba ne, malamai su ne za su faɗi yadda za a auna makarantar da aka rufe baki ɗaya da shagon da aka rage wa awoyi kawai. Abin da nake nunawa shi ne, magabata sun bambanta shago da gida, sun bambanta wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa, sun kuma nuna aljihu na uku da za a ɗauko kuɗi. Mu a 2020 duk muka dunƙule su a kalma ɗaya, haƙuri, muka miƙa wa wanda ya fi rauni.

Haƙurin ya yi aiki a wurare da dama, ban musanta ba. Akwai masu gidajen da suka yafe wata uku ba wanda ya ji, akwai limamai da masu unguwanni da suka sasanta rigingimun da da sun kai kotu. Matsalarsa ita ce ya danganta da sa'a. Wanda ya dace da mai gida mai hali da tsoron Allah ya tsira, maƙwabcinsa da ke ƙarƙashin dillalin da ke jiran la'adar sabon ɗan haya ya kwashe kaya. Baƙo ma ya fi shan wuya, wanda ba shi da dattijon da zai shige masa gaba, kamar mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah a daidai wannan lokaci, suka zo suna neman ɗaki ko nawa ne, abin da ya ƙara wa mai gida ƙarfin cewa in ba ka biya ba akwai mai jira.

Dokar haya a hannun jihohi take, saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba ta buƙatar jiran Abuja. Tana iya rubuta cewa duk lokacin da hukuma ta rufe wurin sana'a, kuɗin hayar wurin na tsawon kwanakin ya faɗi ko ya ragu, kuma ita gwamnati ta fara da rumfunan kasuwannin da take karɓar kuɗinsu. Ɗan hayar gidan kwana da ya tabbatar sana'arsa na cikin waɗanda aka tsayar, a ba shi wa'adi sananne, a raba masa bashin kashi-kashi. Mai gidan da ba shi da wani abin dogaro sai wannan, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta biya shi kai tsaye daga wani kaso da gwamnati da attajirai za su riƙa zubawa tun ana zaman lafiya. Na san za a yi cuwa-cuwa idan babu rajista, tunda yawancin hayarmu da baki ake ƙullawa, sai ɗan rasidi in an yi sa'a. Amma mai unguwa ya san gidan da ake haya da wanda ke ciki, littafi ɗaya a hannunsa da kwafi a wurin hakimi ya isa a fara.

Sannan biyan shekara gaba ɗaya ya kamata a sake duba shi. Ma'aikaci wata-wata yake karɓa, ɗan kasuwa kullum-kullum, amma ana so ya tara na wata goma sha biyu ya ajiye a rana ɗaya. Masu gidaje suna da uzurinsu, da dunƙulallen kuɗin suke gyaran rufi kafin damina, kuma suna tsoron mai biyan wata biyu ya noƙe. Biyan wata uku-uku da mai tsaya wa ɗan haya a rubuce zai rage tsoron, ya kuma sa a gane mutum ya shiga matsala tun bashin bai fi ƙarfinsa ba.

Kada a ɗauka sai wata annoba ta zo za a buƙaci wannan. A watan Janairun 2021 gobara ta cinye wani babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato, kuma tambayar da ta biyo baya ga wanda ya riga ya biya hayar rumfa ita ce dai ta 2020. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda tsaro, an hana cin wasu kasuwannin mako, masu sayar da katin waya da masu POS a can suka zauna da hayar shago a kansu. Sau uku ke nan cikin shekara biyu, kuma sashen dokar da nake magana a kai bai fi shafi biyu ba.